Baƙo a Filin Tafawa Ɓalewa: Yinin Wani Magoyin Bayan Gombe a Bauchi

A gasar firimiya ta Najeriya ƙungiya kan yi tafiya, amma ba kasafai magoya bayanta suke bin ta ba. Masu bin ɗin ma kashi biyu ne. Akwai 'yan ƙungiyar magoya baya, masu ganguna da tutoci, waɗanda ke tafiya a mota guda kuma jami'an tsaro sun san da zuwansu. Akwai kuma ɗaiɗaikun mutane da ke cire kuɗin mota daga aljihunsu, su shiga tasha kamar kowane matafiyi, su isa filin wasa ba wanda ya san da su. A kan mutum ɗaya daga kashi na biyu wannan nazari yake.

Ɗan yayana ne, tela a unguwar Jekadafari a Gombe, saurayi mai kunya da ba ya ɗaga murya sai in ana zancen Gombe United. A wata kaka da Gombe United da Wikki Tourists ta Bauchi duk suna babban rukuni, ya ƙudurta bin ƙungiyarsa Bauchi, shi da abokansa biyu. Abin da zan kawo a nan daga bakinsa na ji, da bakin ɗaya daga cikin abokan, sai abin da ni kaina na sani game da filin da garin. Ba a ji wa kowa ciwo ba ran nan, ba a fasa mota ba, babu abin da ya kai ga jarida. Shi ya sa ma na ga ya cancanci a zauna a duba, domin irin wannan yini shi ne yinin baƙo na yau da kullum, ba na ranar tarzoma ba.

Filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba yau ya fara karɓar baƙi ba. A 1999, da Najeriya ta ɗauki nauyin gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, Bauchi na cikin garuruwa 8 da aka buga wasa, tare da Legas, Ibadan, Inugu, Kalaba, Fatakwal, Kaduna da Kano. Gasar ce Sifaniya ta lashe bayan ta lallasa Japan da ci 4 da nema, da samari irin su Xavi da Casillas a tawagarta. A 2009 FIFA ta dawo da gasar 'yan ƙasa da shekara 17, aka sake sa Bauchi a jerin. Filin da aka yarda da shi har sau biyu a wannan mataki yana da ƙofa fiye da ɗaya, yana da ɓangarorin zama da za a iya rabawa. Ina so a riƙe wannan, domin da an zo maganar wahalar baƙi mutane kan yi saurin ɗora wa tsufan gini laifi.

Masu filin kuma suna da abin tinƙaho. Wikki ta samo sunanta daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke gandun dajin Yankari. Ta ci kofin ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun fanareti. A 2016 ta gama ta uku a teburi, ɗan wasanta Godwin Obaje ya fi kowa zura ƙwallo da guda 18. Wanda ya tashi da wannan tarihi a kunnensa ba wasa yake zuwa kallo kawai ba, mutuncin gari yake zuwa tsaro.

Abin da ya sa karawar Gombe da Bauchi ta fita daban shi ne gida ɗaya ne aka raba. Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe duk daga hannun Shehu Usman Ɗanfodiyo suka karɓi tuta. Daga 1976 har zuwa 1 ga Oktoba 1996, ranar da gwamnatin Abacha ta ƙirƙiro jihar Gombe, Bauchi ce babban birnin kowa. An kafa ƙungiyoyin biyu tun kafin rabuwar. Wato akwai lokacin da mutumin Gombe in ya shiga wannan fili, filin jiharsa ya shiga. Ɗan yayana bai riski wannan zamani ba. A wurinsa Bauchi gidan abokan hamayya ne.

Yadda yinin ya kasance

Shawara ta farko tun a gida aka yanke ta, kuma ba shi ya yanke ba. Da mahaifiyarsa ta gan shi sanye da rigar ƙungiya, ta ce ba za ka fita min a haka ba. Aka daidaita a kan ya ɗora kaftani a sama. Da yake tela ne ya zaɓi wanda wuyansa ke rufewa ruf da maɓalli, ya duba madubi ya tabbata ko gefen rigar ciki ba a gani. Riga biyu ke nan a ranar da rana ke ƙuna.

Sun tashi da hantsi a motar haya. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce, ta Bara da Alƙaleri da Dindima, inda hanyar Yankari ta rabu. Bayan azahar suka sauka, suka nemi masa suka ci, don wanda ya zo Bauchi bai ci masa ba kamar bai zo ba ne, suka tari Keke Napep zuwa fili. A cikin keken ba wanda ya ambaci ƙwallo. Mai keken da kansa ya ɗauko zancen, yana cewa yau 'yan Gombe za su sha kashi, su kuma suka yi ta dariyar yaƙe.

A bakin ƙofa matsalar farko ta bayyana, kuma ita ce uwar sauran. Yana so ya san inda mutanen Gombe ke zama, amma tambayar ita kanta tonon asiri ce. Wa zai tambaya? Mai sayar da tikiti da layi ya yi masa yawa, ko samarin da ke bayansa suna turo shi? Sai ya yi abin da kowa ke yi, ya sayi tikitin ɓangaren da ba rumfa, ya bi ayari. An jera sahu an yi la'asar kafin a shiga, kafaɗarsa da ta mutanen da zai zauna cikinsu. A turmutsutsun shiga ya rabu da abokansa. Da ya haye matakala ya waiga, can tsallaken fili ya hango 'yan ƙungiyar magoya bayan Gombe, tsiraru, da gangunansu, 'yan sanda a kusa da su. Ya gan su sarai, amma kafin ya isa wurinsu sai ya keta dubban mutane yana bayanin inda za shi. Ya haƙura ya zauna.

Wanda bai taɓa zama a wannan ɓangare ba bai san daɗin tsohon fili ba. Siminti ya sha rana tun safe, sai ka shimfiɗa kwali ko darduma kafin ka zauna. Yara na ratsawa da rake da gyaɗa da dafaffen ƙwai da zoɓo mai sanyi a leda. Kowa ya san wurinsa ba tare da lamba ba: wannan kusurwar ta 'yan kasuwa ce, waccan ta masu acaɓa, can sama dattawa ne da rediyo a kunne. Ana kiran 'yan wasa da laƙabi kamar 'ya'yan unguwa. Ya ce min, Baffa, wallahi wurin ya burge ni, da a ce ƙungiyata ce ke gida da ban taɓa jin daɗin kallo irin na ran nan ba.

Da ƙarfe huɗu aka take wasa. Rabin farko ya wuce ba ci, shi kuma ya yi shi ne hannu a cikin aljihu. In ɗan wasan Gombe ya yanke mutum biyu, sai ya sunkuyar da kai kamar mai duba waya. In 'yan gida suka kai hari kowa ya miƙe, shi ma ya miƙe don kada a gan shi a zaune.

Bayan hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ba Wikki fanareti. Fili ya ɗauki sowa, sannan ya yi tsit. Aka buga, golan Gombe ya faɗa gefen dama ya tare. Ɗan yayana bai san lokacin da ya tashi ba. Hannu biyu sama, ya ƙwala ihu, maɓallin wuya ya tsinke, rigar ciki ta fito fili. Shi kaɗai ne a tsaye a cikin mutanen da suka dafe kai.

"Kai, ɗan ina ne kai?" in ji wani saurayi daga baya. Kafin ya buɗe baki ledar ruwa ta fashe a gadon bayansa. Wani ya cafki wuyan kaftanin. Mutum huɗu ko biyar suka taso.

Wani dattijo ne a matakalar sama da shi ya sauke rediyo daga kunne. Bai tashi ba, bai ɗaga murya ba.

"Ku sake shi. Ɗana ne, tare muke."

"Baba, ai ɗan Gombe ne."

"To, sai me? Ni a Gombe na yi aikin reluwe tun ba a haife ka ba. Koma ka zauna."

Suka koma suna ƙunƙuni. Dattijon ya matsa, ya nuna masa gefensa, ya ce, "Hawo nan, ɗana. Rufe wuyanka. In ka ji daɗi ka ji shi a ciki." Ya karya rake ya miƙa masa. Sauran wasan a hira suka yi shi: layin dogon da ya taso daga Kuru, kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe har Maiduguri, da shekarar da Wikki ta kawo kofi gida, da baƙin da suka cika garin a 1999. Saura kamar minti goma a tashi, har lokacin ba ci, dattijon ya naɗe dardumarsa ya ce tashi mu tafi. Yaron ya ce, Baba, ai ba a gama ba. Ya amsa masa da cewa in an tashi canjaras ransu zai ɓaci, in kun ci ya fi muni, in mun ci za su neme ka su yi maka tsiya, ba wanda ya dace ka tsaya ka gani.

Suna bayan katanga suka ji fili ya ɗauka gaba ɗaya. 'Yan gida sun zura ƙwallo, kuma a haka aka tashi. Dattijon ya tare masa keke, ya biya kuɗin da kansa, ya ce ya gaida mutanen gida. Sai bayan magariba abokansa suka iske shi a tasha. Ɗayansu ya faɗa min, kansa a ƙasa, cewa da ƙwallon ta shiga shi ma tsalle ya yi yana tafi tare da kowa, har wani ya rungume shi. Cikin dare suka isa Gombe.

Abin da lamarin ke nunawa

Mutum ya kashe kuɗin ɗinkin kwanaki, ya yini a hanya, ya sayi tikiti, amma bai yi ihun ƙungiyarsa ba sai sau ɗaya, kuma wannan sau ɗayan ya kusa ja masa duka. Bai ga ƙarshen wasan ba. Abokinsa kuma ya tafa wa ƙwallon da aka ci ƙungiyarsa. Wannan na biyun ya fi tsaya min a rai, domin shi ba wanda ya taɓa shi, kuma in aka ƙirga za a ce ya dawo lafiya.

Ban ga laifin ginin ba, ban kuma yarda cewa halin mutanen wani gari ne ba. Wanda ya jefa ledar ruwa da wanda ya karya rake duk 'yan Bauchi ne, matakala ɗaya ce tsakaninsu. Da na tambayi ɗan yayana ko ya taɓa ganin baƙo ya sha irin wannan a gida Gombe, ya yi jim, ya ce ya gani, kuma bai tanka ba. Kowane gari yana da samarin da ke neman dalili, a Bauchi a ce 'yan sara-suka, a Gombe a ce 'yan kalare, amma waɗanda suka taso masa ba su ba ne. Samari ne irinsa, waɗanda suka ga an ɓarar da fanareti sannan suka ga mutum na murna a tsakiyarsu. Abin da ya haɗa wuta da auduga shi ne an bar shi ya zauna a wurin tun farko, don babu wani wurin da ya san zai nufa.

Al'adar gasarmu ita ce a jira abu ya lalace sannan a yi hukunci: tara, cire maki, wasa ba 'yan kallo, ko a kori ƙungiya zuwa wani gari. A 2022, bayan an farfasa motar Katsina United a Kano, an cire wa Kano Pillars maki 3 aka kuma ɗauke wasanninta na gida daga garin. Irin wannan hukunci yana da amfani, sai dai alƙalin wasa yake karewa da 'yan wasa da motarsu. Telan da aka shaƙe wa wuya a matakala ba ya shiga rahoton kowa. Ba a san ya zo ba, balle a san ya tafi.

Samarinmu da ke cika gidajen kallo suna ganin yadda ake yi a Ingila duk mako. Dokar firimiyarsu ta tilasta wa mai gida ya ware wa baƙi kujera 3,000, ko kashi 10 cikin ɗari in filin ƙarami ne, kuma tun 2016 aka ƙayyade tikitin baƙo kada ya wuce fam 30. Su ma ba da daɗi suka koya ba. A 1985, a tsohon filin Heysel da ke Beljiyam, ranar wasan ƙarshe na kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus, an bar magoya bayan Juventus a wani ɓangare da ke manne da na Liverpool, shinge marar ƙwari ne kawai a tsakani. Aka yi turereniya, katanga ta rufta, mutum 39 suka mutu, aka dakatar da ƙungiyoyin Ingila daga wasannin Turai shekara 5. Allah ya kiyaye mu da ganin irinsa. Na kawo shi ne don a ga cewa maganar inda baƙo zai zauna ba ƙaramar magana ba ce.

Duk da haka akwai abin da ke sa ni dakatawa. Da an killace shi a bayan shinge tun daga ƙofa, da bai haɗu da dattijon nan ba, da bai ji labarin zamanin da Gombe da Bauchi ke jiha ɗaya daga bakin wanda ya rayu a ciki ba. Shinge yana kare mutum, yana kuma koya masa cewa na ƙetare abokin gaba ne. Ba na son mu kai inda ɗan Gombe da ɗan Bauchi za su yi sahu ɗaya a la'asar sannan a kora su keji biyu da kulki. Amma kuma ba zan yarda a ce tunda Allah ya kawo dattijo, ai komai lafiya ba. Da a wata matakalar ya zauna fa? Da dattijon ya tashi alwala a daidai lokacin? Abokansa biyu ba su sami kowa ba, shi ya sa ɗaya ya sayi lafiyarsa da tafi. Ba a barin lafiyar ɗan mutane a hannun dace.

Abin da dattijon ya yi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A kasuwar shanu, baƙon da ya kawo dabba daga nesa ba ya shiga kara da ka. Yana da mai masauki da zai tarbe shi, ya tsaya masa, ya ce wannan nawa ne, kuma duk wanda ya taɓa shi da mai masaukin zai yi. Da ɗan gari akan ci gari. Dattijon ya zama mai masaukin yaron ne a take, da kalma biyu, ɗana ne, kuma samarin suka gane hukuncin nan da nan don sun taso sun tarar da shi. Ra'ayina shi ne a ɗauki wannan a mai da shi tsari, maimakon a jira mai kirki ya faɗo.

A aikace abin ba shi da tsada. Ƙungiyar magoya bayan gida ce za ta zama mai masauki a hukumance. Kwana biyu kafin wasa shugabanninta su yi waya da na baƙi, a sanar a rediyo da Facebook cewa duk wanda ya zo daga Gombe, ko a motar ƙungiya ko a ta haya, ga ƙofar da zai shiga, yadda ba sai ya tambayi kowa ba. A ware musu gefe guda kusa da jami'an tsaro, amma masu tsayawa a tsakani su kasance dattawan magoya bayan gida da samari ke jin kunyarsu, ba 'yan sanda kaɗai ba. Baƙon da ya ga ya fi son zama cikin 'yan gari, da sanin abin da ya zaɓa, ba a hana shi.

Sai maganar lokaci, wadda ba a cika kula da ita ba. Wasan ƙarfe huɗu yana ƙarewa dab da magariba, daidai lokacin da rai ke a sama, duhu na shigowa, motocin tasha na ƙarewa. Ɗan gida minti kaɗan ne ya kai ƙofarsa, baƙo kuwa yana da tafiyar dare a gabansa, don haka shi ya fi kowa gaggawar fita, kuma shi ya fi kowa haɗari a bakin ƙofa. Da za a riƙe baƙi a ciki na ɗan lokaci bayan an hura tashi, su yi magariba a nan, jama'a ta watse, sannan a raka su tasha inda aka riga aka yi magana da direbobi su jira, da ba wanda zai bar wasa saura minti goma.

Shi ma ɗan yayana na faɗa masa nasa. Wanda ya san zuciyarsa ba ta riƙe murna, bai kamata ya shiga tsakiyar mutanen da ya san za su ji zafi ba, kuma da ya nemi shugabannin magoya bayansu tun daga Gombe da sun faɗa masa ta inda suke shiga. Ya karɓa. Ya dai ce, Baffa, ni ban san ana neman izini kafin a je kallon ƙwallo ba.

Karawar Gombe da Bauchi ita ta fi kowace sauƙin gwada wannan tsari. Harshe ɗaya ne, akwai auratayya, tafiyar ba ta kai rabin yini ba, kuma a kaka guda kowace ƙungiya sai ta je gidan ɗaya, don haka wanda ya tarbi baƙo yau shi za a tarba nan da 'yan watanni. Duk lokacin da jadawali ya sake haɗa su, wanda wasan farko ya faɗo a gidansa shi zai fara ɗaga waya. Abin da ake buƙata ƙofa ɗaya ce da aka sanar, da igiyar da za a ja a matakala, da mutum goma masu furfura sanye da riga mai alama.